Yadda Na Kai Batir Kano Ya Sha Wuta

Tun da na dawo daga Kano bakina bai huta ba. Mai zuwa gaisuwa ta tambaya, mai zuwa aron turmi ta tambaya, har wadda ba ta leƙo ni ba ina takaba yanzu ta gane hanyar ɗakina. "Hajo, yaya Kano? Da gaske ruwa daga ƙarfe yake fitowa?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na maimaita sai na yi kuka, idanun nan kuwa ba su da sauran ƙarfi. Shi ya sa na kira Malam Habu maƙwabcinmu, tunda ni ban san baƙi ba, na ce ya zauna a bakin ƙofa ya rubuta yadda na faɗa. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Ba yawo ya kai ni ba. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, duk Matamaye Mai-Batir ake ce masa, kuma ba don girmamawa ba. Kowace shekara in an gama kaka sai ya tafi ci-rani Kano, wurin wani Bayarabe, Baba Lasisi, mai ɗura wa batiran motocin gyaɗa wuta. Ga wadda ba ta taɓa gani ba, batir wani baƙin akwati ne mai nauyin dutsen niƙa, da kawuna biyu na darma a sama, da wani ruwa mai ci a ciki. Ana ba shi wutar lantarki ya riƙe, mota ta tashi da ita. Wannan ruwan ne ya cinye rigunan mutumin nan kaf. Shekara da shekaru ina ɗinke huji ina mita, yana ce mini, "Iska ce ke samun hanya, Hajo."

Mazan wasu na dawo wa matansu da atamfa. Ni nawa da ƙarafa yake dawowa: ƙafar keke, sarƙa, da wani dunƙulen ƙarfe da ke tayar da injin babbar mota. A tsakar gida ya haɗa su, ya yi keke mai ƙafa uku da kujerar katako. Ya ce gwiwoyina sun gama aikinsu, zai kai ni rijiya a zaune, ba jaki, ba mai turi. Maza a dandali suka samu abin hira. In ya wuce su ce, "Mai-Batir, yaushe za a yaye jakin naka?"

Bana tsakiyar rani ya dawo, da tari a ƙirji da batir biyu cike da wuta. Ranar kasuwa, unguwa ba kowa, ya ɗora ni a kujerar ya tura wani mariƙi. Abin ya yi gurnani ya zabura, daga murhu sai rumbu, ya bi ta kan randata ya fasa. Ina ihu yana dariya har tari ya durƙusar da shi. Muka yi ta zagaya tsakar gida har wutar ta ƙare. Na ce, "Da ka bari mutane sun dawo sun gani." Ya ce in ya warke zai sake kai batiran Kano su sha wuta. Bai warke ba. Allah ya ɗauki abinsa, ya bar ni ni kaɗai ce na ga keken nan yana tafiya.

Da na fita takaba Liman ya zo rabon gado. Ba mu da ɗa a raye, don haka kashi ɗaya cikin huɗu ne nawa, saura na Ilu ƙanensa. Gona da awaki ba a yi gardama ba. Da aka zo kan keke, Ilu ya ce tarkace ne, a ba Gambo maƙeri ya sare shi a yi fartanya tunda damina ta matso.

Na ce, "Yana tafiya. Na hau."

Ilu ya ce, "Matar Yaya, baƙin ciki ne ke nuna miki abubuwa. Mu bar maganar nan haka, an yi wa Yaya dariya ta isa."

Na rantse, aka sunkuyar da kai irin na jin tausayin tsohuwa, wanda ya fi dariya ciwo. Sai Liman ya yanke: in keken ya tashi daga ƙofar gida ya kai rijiya da kansa, babu mai turi, to abin hawa ne kamar jaki, ba a sare shi, zai faɗo a rabona. In ruwan fari ya sauka bai tafi ba, na maƙeri ne. Ni ba ƙarfen nake ji ba. In aka sare shi, mutumin nan zai tabbata mahaukaci a bakin gari har a daina tuna shi. Matamaye kuwa ba wutar lantarki, ta Damagaram ta ofishin Nasara ce, ban san wanda zan roƙa ba. Sai Kano.

Ta-Sallah mai man gyaɗa, ƙawata tun muna 'yammata, ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba, kuma ita ta san Kano. Sai da mota ta tashi na gane a goye uwarta ta kai ta.

Motar ragowar gyaɗa ce, aka ɗora mu can ƙoli kan buhuna kamar kaji, batir biyu a tsakanin ƙafafuna. Ba mu yi nisa ba sai Ɗan Barto, wurin duwan, masu binciken kaya a iyaka. Akawun wani siriri ne da alli a bayan kunne.

"Iya, mene ne wannan?"

"Batir."

"Na wace mota?"

"Ba na mota ba ne, na keken mijina ne."

"Ina mijin?"

"Ya rasu."

"To me za su yi a Kano?"

"Za su sha wuta su dawo."

Ya dube ni, ya kira wani gardi ya ce in sake faɗa. Gardin ya kira mai sayar da goro. Ina tsaye a rana da gwiwoyin nan ina ba da labari ɗaya kamar marokiya, ko "Allah ya jiƙansa" ba wanda ya ce. Daga ƙarshe ya zana wa kowane batir alama da alli, ya ce yadda suka fita biyu haka za su dawo biyu.

Muna shiga ƙasar Ingilishi direba ya karkata ya koma hannun hagu. Na ɗauka barci ya sace shi, na dinga dukan rufin mota ina salati. Mutane suka fashe da dariya, wai nan haka ake tafiya. Hagun da ba a cin tuwo da ita, ba a miƙa wa babba abu da ita, ita suka zaɓa wa ƙarfe mai kashe mutum. Har muka kai Kano duk motar da ta tunkaro sai na rufe ido.

A Daura muka sayi fura. Ban ce ba daɗi ba, amma nonon ya sha ruwa har kana ganin gindin ƙwarya. Kafin Kazaure taya ta fashe, muka yini gindin wata ƙaya da ba ta da inuwar kirki. A nan na lura da abu ɗaya. Batir guda yana tsatsafo da ruwansa in mota ta yi tsalle, in ya taɓa fata sai zafi. Ɗayan kuwa lafiya lau, ruwansa ko ƙaiƙayi ba ya sa wa. Na ce, "Wannan mai ladabi ne." Ta-Sallah ta yi murmushi kamar an yabi ɗanta. Da na san ma'anar murmushin nan, da a nan zan tura ta ƙasa.

Kano kuwa, ku da ke tambaya, hayaniya ce. Ƙararrawar keke ta gabanka, ƙahon mota ta bayanka, jirgin ƙasa yana kuka kamar an yanka shi. Na ga gyaɗa an tara ta buhu kan buhu har ta fi tsamiya tsawo, na ce ashe nan gumin mazanmu yake kwana. Muka sauka a Fagge, gidan wani Alhaji mutumin Kance inda mutanenmu ke sauka. Matarsa Hajiya ta ba mu tabarma ɗaya a ɗakin baƙi, tare da kuɗin cizon da suka riga mu zama. Ruwa da gaske daga ƙarfe yake fitowa, amma ba a ƙofar kowa ba, sai mai garwa ya kawo, kuma ba don Allah yake kawowa ba. Mu nan baƙo ko maƙiyi ne ruwa ake fara miƙa masa. Gaisuwarsu ma a tsaye ake yi. Ka ce "ina kwana", kafin ka kai ga tambayar gida da yara da gajiya mutum ya sha kwana. Ga shi suna kiranmu mutanen Faransa, ni da ban taɓa wuce Tsauni ba sai wannan karo.

Da safe ɗan dako ya ɗauki batiran, Ta-Sallah tana gaba tana nuna hanyar da ba ta sani ba. Sau biyu muna ɓullowa bakin masu sayar da kifi. Da na ce ta rufe baki, ɗan dakon ya kai mu Sabon Gari kai tsaye.

Rumfar kwano ce. Batira jere a kan katako kamar awaki a kwami, kowane da igiyar wuta a kansa, ruwan cikinsu yana tafasa a hankali ba tare da murhu ba. Amma ba wannan ya kayar da ni ba, warin ne. Warin rigunansa ne sak. Wata huɗu da kwana goma ina neman warin nan a ɗaki yana gushewa, ashe ga inda yake zaune. Na durƙusa a bakin rumfar na yi kuka mai sauti, masu wucewa suna ratse ni.

Wani tsoho mai tsage a kumatu ya fito, rigarsa duk huji. Na faɗa masa ko matar wace ce ni. Ya cire hula, ya yi addu'a mai tsawo, ya jawo wata 'yar kujera ya ce a kanta mai gidana yake zama. Sannan ya matso ya rage murya.

"Mama, keken fa? Ya tafi?"

Na ce, "Ya tafi. Har ya fasa mini randa."

Baba Lasisi ya tafa hannu, ya taka rawa taku biyu da tsufansa, ya ƙwala wa matarsa kira da yarensu. Bai ce in rantse ba. Mutanen da suka yi sallah sahu ɗaya da mijina tun suna samari ba su yarda ba, sai wani Bayarabe a ƙasar hagu. Na ba shi labarin hukuncin Liman. Ya ce a kawo batiran.

Ya buɗe na farko, ya zuƙi ruwan da wata kwalba mai kan roba, ya duba. Ya ce, "Yunwa ce, ya daɗe bai ci ba. A hankali za a ba shi, kamar mai jinya." Ya buɗe na biyun, mai ladabin. Ya shinshina. Ya zuƙa ya duba. Ya ɗiga a yatsa ya lasa. Ya ɗago.

"Wa ya taɓa wannan?"

Ta-Sallah ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ni ce, Baba. Ka ga bambanci ko?"

Kun san al'adarmu, in mutum ya rasu mata kan taru su wanke kayansa kafin a raba, kada a ba magada abu da dauɗa. Ina ɗaki ina takaba, ban san me ake yi a tsakar gida ba. Ashe da suka gama da riguna da buta da buzu, Ta-Sallah ta ga batir a ƙarƙashin rumfa. Ta buɗe, ruwan ya ƙone mata hannu. Ta ce wannan ba abin da za a bari a gidan mamaci ba ne. Ta tuntsurar da shi a bayan gida, ta zuba toka da kanwa.

Tana ba da labari tana nunawa da hannu. "Yana ta huci yana kumfa, ni kuma ina ƙara kanwa, har ya yi shiru. Sannan na ɗauraye shi tas na cika shi da ruwan rijiya mai sanyi. Ɗayan ne ban gani ba, da shi ma ya samu."

Ɗayan yana ɗakina. Shi ne wanda ya ɗauko da hannunsa ya ajiye a bakin gado kafin ya kwanta, shatin yatsunsa na jiki. A kansa nake ɗora hannu in na idar da sallah.

Baba Lasisi ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce ruwan mai cin nan shi ne ran batir, kanwa kuwa ita ce ajalinsa.

Na ce, "Ta-Sallah, kin kashe ni."

Ta ce, "Alheri na yi! Har zanena ya ci, ban faɗa miki ba don kina cikin rashi."

"Wa ya aike ki?"

"Da wa ke aikena duk shekarun nan da nake share miki hawaye? Mijinki ya tara abin da ba a san kansa ba, ko ya gaya wa mutane kada a wanke?"

Muka yi ta yi a gaban Yarabawa, har wani direba ya zo rabo. Ranar a tabarma ɗaya muka kwanta, kowa ya ba ɗan'uwansa baya.

Baba Lasisi bai fid da rai nan da nan ba. Ya zuba wa wankakken sabon ruwa ya ɗaura masa wuta, amma kamar ana ɗura wa rariya. Muka zauna jiran ɗayan. Kullum in je in zauna a kujerar nan in kalli ruwansa yana motsi, in ɗaga kai in duba gabas ko hadari ya haɗu. Matarsa ta dinga kawo mana abinci, wani tuwon rogo mai danƙo da miyar manja. Barkonon ciki zai ishi unguwarmu wata guda. Loma ɗaya hawaye suka ɓalle mana mu biyu. Ta-Sallah tana jan hanci ta ce, "Ni ba kukan batir nake ba." Na ce, "Ni ma ba ke nake wa ba." Muka cinye kwanon. Da haka muka koma magana, amma ban ce na yafe ba.

Ranar da ya sauke batirin ya ce mini, "Mama, ɗaya zai ja, amma ba kamar biyu ba. Abin da ke ciki kaɗan ne, kuma ba ya ƙaruwa a hanya." Ya ɗaura jan zare a kai ɗaya, ya ba ni igiyar wuta mai kauri, ya sa na ɗaura na kwance har hannuna ya saba. Ya ce kada in bari batirin ya kwanta ta gefe. "Kuma duk namijin da ya gan shi zai so ya haɗa kawunan da ƙarfe ya ga tartsatsi, haka muke, ba mu iya bari ba. Kowane tartsatsi taku ne da keken ba zai yi ba." Na kwance bakin zane zan ba shi hakkinsa, ya mayar mini da hannu. Mataccen batirin muka bar masa.

Maganarsa ba ta kwana ba. Mun wuce Kazaure direba ya tsaya sallah, da aka idar mota ta ƙi tashi. Ya buɗe gaba ya rufe, ya zagaya, idonsa ya faɗa kan abin da ke tsakanin ƙafafuna.

"Iya! Ashe da maganin a mota. Ara mana sau ɗaya, yanzu in mayar miki."

Na ce a'a.

"Ba zai ragu ba."

"Wanda ya fi ka sani ya ce zai ragu."

Rana tana tsakiyar kai, mutane suka taso mini. Wani Alhaji ɗan kasuwar Damagaram ya karanto mini ladan taimakon matafiyi. Wata mai goyo ta nuna mini ɗanta yana kuka, wannan kuwa ya taɓa ni, don ni ma na yi goyo ko da ba su zauna ba. Amma na tuna Gambo da gudumarsa. Na tashi na zauna daram a kan batirin na ce sai dai a ɗauke mu tare.

Direba ya ce, "Tsohuwar nan ba ta da imani."

Nan Ta-Sallah ta miƙe a kan kaya, ta ɗaure gyale a ƙugu. "Kai ne mai imani, da ka ɗebo bayin Allah a mataccen ƙarfe? Ba ga mariƙin juyawa can rataye a gaban motarka ba? Ƙatti cike da mota, ku sauka ku tura! Alhaji, kai ma ladan bai ƙare ba, sauko ka samu naka!"

Suka sauka. Aka juya, aka tura, har Alhaji da babbar rigarsa, motar ta yi tari ta kama. Daga nan har iyaka ba wanda ya miƙo mana ko ɓarin goro. Ni kuma ban sauka daga kan batirin ba, mota tana tsalle, ina jin danshi yana ratsa zanena yana cizo. Na dafa gwiwar Ta-Sallah na ce, "Na yafe rabi."

A Ɗan Barto akawun nan ne dai, da allinsa.

"Biyu kika fita da su."

"Ɗaya ya mutu."

"Ina gawar?"

"Tana Kano."

Ya ce sayarwa na yi, kuma wa ya sani ko wannan ma sabo ne na shafa wa alli. Ya zaro wuƙa ya ce bari ya ga ko da wuta a ciki. Na shimfiɗa tafin hannuna a kan kawunan na ce, "Ɗana, fara da wannan." Ya tsaya. Ta-Sallah ta ce ita ta kashe ɗayan, ta kwashe labarin toka da kanwa ta zuba masa da ƙarfi, har da yadda yake huci. Ya kira gardi, gardi ya kira mai goro. Suka yi dariya har akawun ya yar da wuƙar, ya ce mu tafi kafin cikinsa ya ƙulle. Muna barin wurin na ga gabas ta yi baƙi, iska tana kawo ƙanshin ƙasa daga wani wuri da aka riga aka samu ruwa.

Ko hutawa ban yi ba, da gari ya waye na aika wa Liman. Sai ga wata sabuwa: keken ya fi ƙofar zaure faɗi. Mutumin nan shekaru yana ƙera abu a tsakar gida bai taɓa auna ƙofa ba! Na tsaya ina yi masa faɗa a zuci kamar yana nan. Sai da aka kwance danga aka fito da shi.

Unguwa ta cika. Ga Liman, ga Ilu ya harɗe hannu, ga Gambo maƙeri ya zo da guduma da kurfin sarar ƙarfe don kada a yi sawu biyu. Na ɗaura igiya, jan zare a inda aka nuna mini. Ta-Sallah ta ɗora ni a kujera. Na yi bisimilla na tura mariƙin.

Shiru. Wani ya yi tari irin na ɓoye dariya. Sai gurnanin nan ya taso daga ƙarƙashina, sarƙa ta miƙe, ƙafa ta juya.

Ba irin zaburar ranar kasuwa ba ce, tafiyar tsohon jaki ce. Amma yana tafiya, ba kowa a gaba, ba kowa a baya. Ban taɓa jin Matamaye ta yi shiru irin na ranar ba. Na wuce katangar masallaci, na wuce dandalin da suke zama suna tambayarsa yaushe za a yaye jaki, kaji suna watsewa don ban iya juya kan abin sosai ba. Ina kuka ina tuƙi, ban ma ga hanya da kyau ba.

Kun san yashin bakin rijiya, inda jakuna suka tattake. Muna shiga gurnanin ya fara nutsewa. Ƙafa ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa da ƙyar. Ga itatuwan bakin rijiya ina gani, da jifa ne da yaro ma ya kai. Ta tsaya. Na ce wa mai gidana a raina, ka gani ko, da ka bar mini ko zagaye ɗaya na ranar nan.

Sai na ji keken ya yunƙura, ya keta yashin, bai tsaya ba sai da ƙafar gaba ta daki itacen rijiya. Na waiwaya. Ilu ne, hannu biyu a bayan kujera, hularsa ta faɗi can baya, fuskarsa jiƙe.

Liman ya ƙaraso ya ce, "Ilu, sharaɗin babu turi."

Ilu ya share fuska da hannun riga ya ce, "Wa ya tura, Malam? Riƙe shi nake kada ya faɗa rijiya da matar Yaya. Abin nan ƙarfi gare shi! Yaya ya ƙera abu!"

Gambo ya saɓa gudumarsa a kafaɗa ya ce, "Ni ma haka na gani."

Liman ya daɗe yana duban hadari, sannan ya ce maza biyu sun ba da shaida, sauran sani na Allah ne, keke na Hajo ne. Da la'asar ruwa ya sauka.

Keken yana nan a tsakar gida, mai son gani ta zo ta gani, amma kada a kawo mini yara su hau. Wutar ta ƙare. Yanzu in an ce Mai-Batir a dandali sai a bi da "Allah ya jiƙansa", ba wanda ke murmushi. Ilu kuwa ya ishe ni, kullum yana bakin ƙofa: "Matar Yaya, yaushe za a koma ɗebo wuta? Ni ban hau ba." Na ce masa hanya tana nan, dama da hagu, ya ɗauka ya tafi, kuma kada ya je da Ta-Sallah.

Zanen da na yi tafiyar da shi, da na wanke na shanya sai ga shi duk huji, ƙanana da manya, daidai inda na zauna. Irin hujin nan ne, ba ni da shakka, na ɗinke dubunsa. Ta-Sallah ta gani ta kawo allura da zare ta ce ta biya sauran rabin. Na ce ta bar shi. Na naɗe shi tare da rigar mai gidana ɗaya da na hana a raba, suna nan ƙarƙashin matashina.

Malam Habu, ajiye alƙalamin haka nan. Muryata ta tafi.